Minti Biyar a Naheola: Yadda Magudanar Ruwa ta Zama Tukunyar Guba a Masana'antar Takarda

Ranar Laraba, 16 ga Janairun 2002, a masana'antar takarda ta Naheola da ke garin Pennington a jihar Alabama ta Amurka, wani ma'aikaci ya kwance sarƙa, ya buɗe bawul ɗin wani ɗan rami don ruwan da ya taru a ciki ya tsiyaye. 'Yan kwangila ne za su yi aiki a wurin, ba a so su tsaya tsamo-tsamo cikin ruwa. Bayan minti biyar ya rufe bawul, ya mayar da sarƙa da kwaɗo. Ba a jima ba sai mutane suka fara zubewa ƙasa. Biyu suka mutu, takwas suka jikkata. Wuta ba ta tashi ba, ba abin da ya fashe, ba kuma wani hayaƙi da ido ya gani.

Waɗanda suka mutu ma'aikatan kamfanin gine-gine na Burkes Construction ne. Cikin takwas ɗin da suka jikkata, bakwai na Burkes ne, ɗaya kuma direban tanka ne na kamfanin Davison Transport. Hukumar da ke binciken haɗurran sinadarai a Amurka, wadda ake kira CSB a taƙaice, ta bi diddigin lamarin, ta fitar da rahotonta a Janairun 2003. Abin da ya kashe mutanen iskar haidurojin salfaid ce, H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin mamakin shi ne ba wanda ya kawo wannan iska masana'antar a ranar, ba kuma tankin da aka adana ta a ciki da za a ce ya yi yoyo. A cikin magudanar ruwan datti ta haɗu, a ƙarƙashin ƙafafun mutanen. Kafin a gane yadda hakan ya yiwu, sai an san irin ruwan da ake dafa itace da shi.

Ruwa uku: fari, baƙi da kore

Itace zaruruwa ne da aka manne da danƙo. Zaren shi ne selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na busasshen katako. Danƙon kuwa ana ce masa liginin, kashi 20 zuwa 30. Mai yin takarda zaren yake so, danƙon yake neman narkarwa ba tare da ya tsinka zaren ba. Hanyar da ta mamaye duniya a yau ita ce ta kraft, wadda Carl Dahl ya ƙirƙiro a birnin Danzig a 1879, ya yi mata rajista a 1884. Kalmar kraft da Jamusanci ƙarfi take nufi, saboda takardar da ake samu ba ta saurin yagewa. Ita ce takardar buhun siminti da ta kwali.

Ana sassare itace ƙanana-ƙanana, a zuba a ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a dafa shi a zafin da ya kai digiri 170 cikin wani ruwa da 'yan masana'anta ke kira farin ruwa. Abu biyu ne a cikinsa: soda mai cin hannu, irin wadda masu yin sabulu suka sani, da kuma sodiyam salfaid, wanda gishiri ne na farar wuta. Da sodiyam salfaid ya shiga ruwa sai ya rabu, ya ba da ƙarin soda da wani abu da ake kira haidurosalfaid. Wannan na biyun shi ne gwanin aikin: yana tsittsinka liginin da sauri, dahuwa ta ƙare tun soda ba ta gama cin zaren ba. Sirrin ƙarfin takardar kraft ke nan.

Idan dahuwa ta kammala, kusan rabin itacen ya narke. Zaren da ya rage shi ne ƙullun takarda. Ruwan da aka tace kuwa ya koma baƙi wuluk, mai wari, ɗauke da narkakken liginin da sinadaran da suka gama aiki. Shi ne baƙin ruwa. Ba a zubar da shi, don zubar da shi asarar kuɗi ce da kashe kogi. Yana fitowa tsararo, daskararren abin da ke cikinsa bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, sai a yi ta ƙafar da shi har ya kai kashi 65 zuwa 80, ya yi kauri kamar kwalta. Daga nan a fesa shi cikin wani makeken tanderu, wanda G. H. Tomlinson ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1930. Liginin ya ci wuta, ya ba da tururin da ke juya injinan lantarki na masana'antar. Gishirin da ba ya ƙonewa ya narke, ya kwarara daga gindin tanderun ja zur, cakuɗen sodiyam kabonet da sodiyam salfaid.

Duk wadda ta taɓa tarar ruwan toka ta san dabarar da ke biye. Ka ƙone tsiro, ka jiƙa tokarsa, ka sami ruwa mai kaifi. Haka ake narkar da wannan gishiri a ruwa, a sami koren ruwa. Burbushin ƙarfe da farar wuta ne ke ba shi launin. Sodiyam kabonet ɗin da ke ciki ɗan'uwan kanwa ne na jini, kaifinsa bai isa dafa itace ba. Sai a zuba masa gasasshen dutsen farar ƙasa, kabonet ya koma soda mai ƙarfi, alli ya kwanta a ƙasa. A tace, ga farin ruwa ya dawo. Allin ma a sake gasa shi a yi amfani da shi. Haka abin ke zagayawa dare da rana, ana maido da fiye da kashi 95 cikin ɗari na sinadaran.

Amma zagayen yana da yoyo. Wani ɓangare na farar wuta yana bin hayaƙi, wani yana bin ƙullu, wani yana bin ruwan wanki. Dole a riƙa cike giɓin, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ake saye don haka shi ne sodiyam haidurosalfaid, wanda a masana'anta ake ce wa NaSH. Ana kawo shi a tanka, ruwa-ruwa, sau da yawa mai ƙarfin kashi 45 cikin ɗari.

Abu guda ya haɗa ruwan nan uku da NaSH: dukansu masu kaifin soda ne, kuma kaifin nan shi ne igiyar da ta ɗaure farar wuta a cikin ruwa. A ma'aunin pH, wanda ke tashi daga 0 (tsamin asid) zuwa 14 (kaifin soda), muddin ruwa yana sama da 9, kusan duk salfaid ɗin yana zaune lafiya a narke. Idan ya sauko 7, rabi ya zama H2S. Idan ya kai 5, kashi 99 cikin ɗari ya zama iskar, ita kuwa ba ta son zama a ruwa. Duk ilmin haɗarin Naheola bai wuce wannan ba: NaSH ya gamu da asid, igiya ta tsinke.

Ramin mai

Masana'antar Naheola tana bakin kogin Tombigbee a gundumar Choctaw. Ta sha canza hannu: ta zauna a hannun kamfanin James River, wanda ya haɗe da wani kamfani a 1997 ya zama Fort James, sannan Georgia-Pacific ya sayi Fort James a ƙarshen 2000. Wato lokacin haɗarin sabon mai ita bai fi shekara guda da 'yan watanni da karɓar ta ba.

Wurin sauke tankoki fili ne na kankare mai ɗan gangare, wanda ke tura duk abin da ya zube zuwa wata 'yar magudana. A gefensa akwai wani wuri mara zurfi da aka kewaye da ɗan dakali, inda aka girke famfuna, har da na baƙin mai. Shi ma'aikata ke kira ramin mai. Ruwan sama yana taruwa a ciki, da ruwan tururi, da duk wani sinadarin da ya ɗiga lokacin sauke kaya. Saboda gudun kada mai ya bi ruwan dattin masana'anta ya jawo fushin hukumar muhalli, sai aka riƙa barin bawul ɗin ramin a rufe, da sarƙa da kwaɗo. Manufar mai kyau ce. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin abin da da zai riƙa tsiyayewa kaɗan-kaɗan yanzu taruwa yake yi, ya jira ranar da za a sake shi gaba ɗaya.

Waɗanda masu bincike suka yi hira da su sun ƙiyasta cewa duk tankar da aka sauke, kamar galan biyar na NaSH ne ke zuba a wurin, daga yoyon famfo da wanke tiyo. A cikin awa 24 kafin haɗarin an sauke tanka 15. Idan aka bi wannan lissafi, galan 75 ke nan, kusan lita 280.

Adadin bai yi kama da abin tsoro ba, ganga ɗaya ce da 'yan kai. Amma a ɗauki alƙalami. Lita ɗaya ta NaSH mai ƙarfin kashi 45 tana ɗauke da fiye da rabin kilo na sinadarin. Idan asid ya cinye shi duka, za a sami kamar giram 350 na H2S, wato lita 250 ta iska. Wannan ya isa ya mai da iskar ɗakuna uku, kowanne mita biyar tsawo, biyar faɗi, uku bisa, ta zama wadda shaƙa ɗaya ko biyu ke kayar da ƙato. Daga lita ɗaya fa.

Ina ruwan ramin yake zuwa idan an buɗe bawul? Shekaru kafin haɗarin, tun masana'antar tana hannun masu ita na baya, an jona bututun ramin da na wurin sauke tanka da magudanar da ake kira magudanar asid. Masana'antar takarda tana fitar da ruwan datti iri biyu, mai kaifin soda da mai tsamin asid, kuma ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin a tafkunan tacewa ba sa jure ko wanne idan ya yi yawa. Don haka akan daidaita ruwan kafin ya isa gare su. A ranar haɗarin ana zuba asid ɗin salfurik, wato irin na ruwan batir, a cikin wannan magudana don daidaita pH a can gaba.

Ga yadda abubuwa suka haɗu. Ma'aikatan Burkes suna aikin gini kusa da ramin, ramin kuma cike da ruwa, aka buɗe bawul na minti biyar. A daidai lokacin tankoki uku na Davison suka iso da ƙarin NaSH. Ɗaya daga cikin direbobin, da taimakon ma'aikatan masana'anta biyu, ya jona tiyo a motarsa, shaidu suka ce abin da ya kai galan biyar ya zube ya bi magudana, ko da yake ba a kai ga sauke motar ba. Ruwan rami da wanda ya zube suka gangara suka tarar da asid. Iska ta tashi a cikin bututu, ta nemi mafita. Kusa da inda 'yan kwangilar ke aiki akwai wata ƙofar shiga magudana mai murfin faibagilas (roba mai zaren gilashi), kuma murfin bai zauna daram ba, akwai kafa a bakinsa. Ta nan ta fito.

Iskar da ke kashe hanci kafin ta kashe mutum

Hancin ɗan Adam yana jin warin H2S tun tana ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na iska, wannan ne ma ya sa mutane ke ɗaukar cewa wari zai gargaɗe su. Yaudara ce. Idan ta kai kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan, jijiyar jin wari ce take fara kashewa, mutum ya ji warin ya ɗauke, ya zaci iskar ta wuce, alhali ƙaruwa ta yi. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sanya kashi 100 a matsayin iyakar da rai ke cikin haɗari nan take. Daga 500 zuwa 700 mutum yana faɗuwa cikin 'yan mintoci. Daga 700 zuwa 1,000 ba ya ko samun damar juyawa. Tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin, kamar yadda gubar sayanaid ke yi, ta tsayar da numfashi. Ta kuma fi iska nauyi, don haka ƙasa-ƙasa take bi, ta kwanta a rami da kwari, daidai inda wanda ya faɗi yake shaƙa, daidai kuma inda mai ceto zai sunkuya.

A ganina akwai wani abu da ke ƙara dagula lamarin a masana'antar kraft. Wurin kullum cikin ɗan warin farar wuta yake, har mazauna garin da ke kusa sun saba. Wanda ya shekara yana aiki cikin wari ba zai ajiye guduma ya ruga don ya ji ɗan warin ƙwai ba.

Waɗanda ke dab da murfin su ne suka fara faɗuwa. Abokan aikinsu suka yi abin da kowane ɗan halak zai yi, suka tsaya suna ƙoƙarin janye su, iskar ta kama su su ma. Masu bincike sun gano cewa ba a ba waɗannan ma'aikata horon da zai sa su gane abin da ke faruwa ba. Wanda aka koya wa halin H2S ya san cewa idan ya ga mutum ya zube ba dalili a irin wannan wuri, gudu zai yi ya nufi inda iska ke tahowa, ya kira masu na'urar numfashi. Abu ne mai wuyar haɗiya, ka bar ɗan'uwanka a kwance ka gudu, shi ya sa sai an yi ta nanata shi tun kafin ranar ta zo. A wurin sauke tankar kuma babu na'urar gano iskar, babu ƙararrawa.

Aka kwashi waɗanda abin ya shafa zuwa ɗakin shan magani na masana'anta ba tare da an tuɓe musu tufafi ko an wanke su ba. Ma'aikatan motar asibiti na gundumar Choctaw da suka kai su asibitoci, su ma daga baya suka ba da rahoton alamun shaƙar iskar. A rufaffiyar mota, abin da tufafi suka riƙe ya isa ya taɓa mai jinya. Wannan ya sa cikin shawarwarin CSB har da wadda ta aika wa hukumar ATSDR, mai rubuta ƙa'idojin kula da waɗanda guba ta shafa, cewa ta gyara bayaninta kan haɗarin da masu ceto ke fuskanta daga jikin majinyaci.

Laifin wa?

Rahoton bai ɗora wa wanda ya buɗe bawul laifi ba, kuma ina ganin daidai ne. Mutumin ya yi abin da aka saba yi, da niyyar sauƙaƙa wa wasu aiki. Tushen matsalar da CSB ta nuna yana can baya, ranar da aka jona bututun wurin sauke tanka da magudanar asid ba tare da an zauna an tambayi abin da zai faru idan kayan da ake saukewa suka gamu da abin da ke gudana a ciki ba. Injiniyoyi suna tsananta bincike kafin su taɓa tukunyar dahuwa ko tanderu, amma magudana a wurinsu hanyar zubar da shara ce, aikin mai gyaran famfo. Ita kuwa ba ruwanta da sunan da aka ba ta. Duk inda sinadarai biyu suka haɗu, aikinsu za su yi.

Abin takaicin shi ne bayanin ba ɓoyayye ba ne. Takardun gargaɗin da masu sayar da NaSH ke bayarwa sun faɗi ƙarara cewa kada a bari ya gamu da asid. Sai dai masana'antar ba ta da tsarin da zai ɗauko wannan gargaɗi daga takarda ya kai shi ga mai zana bututu, da mai riƙe da makullin bawul, da ɗan kwangilar da ke tsaye a bakin rami. Wanda ya san sinadarin bai san inda bututun ya nufa ba, wanda ya san bututun bai san sinadarin ba. Sauyin masu mallaka kuma yakan binne irin wannan tarihi, don sabon mai gida ba kasafai yake tono ƙasa ya ga inda tsohon ya bi da bututu ba. Hukumar ta shawarci Georgia-Pacific da ya bincika magudanun dukan masana'antunsa, ya gano inda sinadaran da ba sa jituwa za su iya haɗuwa, ya kafa na'urorin gano H2S a inda ake sauke NaSH, ya kuma horar da 'yan kwangila.

Doka ma tana da nata giɓin. Ƙa'idar da hukumar OSHA, mai kare lafiyar ma'aikata a Amurka, ta kafa a 1992 kan sarrafa sinadarai masu haɗari ta lissafa H2S, ta ce duk wanda ke riƙe da fam 1,500 nata, kamar kilo 680, dole ya bi tsauraran matakai. NaSH ba ya cikin jerin. Wato doka tana ƙirga gubar da ka adana a tanki, ba ta ƙirga wadda za ka iya haɗawa bisa kuskure cikin minti biyar. A shekarar ta 2002 CSB ta fitar da wani nazari kan irin waɗannan haɗurra na haɗuwar sinadarai, ta tattara guda 167 daga 1980 zuwa tsakiyar 2001, waɗanda suka ci rai 108, kuma fiye da rabinsu sun shafi sinadaran da dokokin ba su lissafa ba.

A 2004 hukumar ta sake fitar da sanarwar gargaɗi kan NaSH kaɗai. Ta ce daga 1971 haɗurran da aka ba da rahotonsu sun kashe mutum 32, sun jikkata 176, mafi yawa a masana'antun takarda da na jimar fata. Mafi muni a cikinsu ya faru a wata majema a Shikago a 1978, inda aka juye tankar NaSH cikin tankin da ke ɗauke da ruwan jima mai asid, mutum takwas suka mutu.

Ambaton jima ya kawo maganar kusa da gida. Kamfanonin fata na zamani, irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa a Kano, da salfaid da farar ƙasa ake cire gashin fata, sannan a wani mataki na gaba a jiƙa ta a ruwan gishiri da asid ɗin salfurik kafin a sa mata sinadarin jima. Ruwan matakin farko mai kaifi ne, cike da salfaid. Na biyun mai tsami ne ƙwarai. Ƙa'idar aikin ita ce kowanne ya bi magudanarsa daban, a kashe salfaid ɗin tukuna, galibi ta hanyar hura masa iska tare da gishirin manganis, sannan a bari su haɗu a tafkin tacewa.